Lauje a Kuncin Hagu

Har yau in na shiga kasuwar Isa da zabirata a kafaɗa, sai wani ya ɗaga murya daga rumfa, "Alhajin Umdurman, barka da sauka!" A bushe da dariya. Tsiya ce suke yi mini, wai na bi hanyar gabas har ƙasar Sudan, sauran tafiyar jirgin ƙasa in kai bakin teku, na juyo ban ga Makka ba. To, su yi ta yi. Ni Tunau, wanzami ɗan wanzami, ba hajji ya fisshe ni daga Tsamaye ba. Wana Ila na tafi nema.

Ila ya bi ayarin mahajjata tun kafin babban yaƙin Turawa na biyu, anka yi yaƙin anka gama bai dawo ba. A tsakanin nan Baba ya rasu, idanun Inna kuma sunka tafi. Kowane alhaji ya sauka da nasa labari. Wani ya gan shi Madina yana sai da ruwa, wani ya ce ya yi aure a ƙasar auduga, wani ya ce ai ya daɗe da rasuwa. Kawu Bawa, ƙanen Inna, ya yi ya yi a kira liman a yi addu'a a huta, Inna ta ce ba a yi wa ɗanta sadakar mamaci a kan jita-jita. Ni kuwa ta ce mini, "Tunau, kada ka zo mini da 'an ce'. 'An ce' ta cika mini ɗaki. Ko shi, ko abin da za ni taɓa da hannuna in san shi na."

Abin da na riƙe na nemansa shi ne fuskarsa. Mu Gobirawa da zanenmu, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, kowane da gefensa, ba a musanyawa. Baba da kansa ya yi ma Ila nasa yana jinjiri, ana cikin yi jakin maƙwabta ya ɓarke da kuka, yaron ya zabura, aska ta goce. Zanen ƙarshe na kuncin hagu ya lanƙwasa wajen kunne kamar lauje. Baba bai taɓa yafe ma jakin nan ba, gari kuwa ya sa ma Ila suna Mai Lauje.

Daga Yarwa zuwa Fallomi, garin Faransa na bakin kogi, ban sha wata wahala ba. Duk inda munka yada zango sai in shimfiɗa buzuna, in yi aski, in yi ƙaho, in samu na tuwo. Kuma aikina ya dace da nemana, don duk wanda ya zauna gabana sai na juya kansa dama da hagu, ina aski ina tambaya.

A Abashe na gamu da ɗan iskan farko. Bahaushe ne mai zaƙin baki, wai shi mai saukar da baƙi. Ina buɗe baki ya tafa hannu ya ce, "Mai Lauje? Haba, maƙwabcina ne!" Na yi masa aski, na yi ma surukinsa ƙaho, ya cinye mini guzurin ƙuliƙuli tas, kullum sai gobe. Ranar da na matsa ya kai ni wurin wani tsoho mai tabon ƙuna a haɓa, ko Hausa ba ya ji. Wallahi sai da anka ɓamɓare hannuna daga wuyan rigarsa. Daga ranar na yi wayo, na daina faɗin gefen. In mutum ya ce ya san Mai Lauje sai in ce, "A wane kunci?" In ya ce dama, in tattara askata in ba shi wuri.

Tsakanin Fashir da Ubayyid motarmu ta lalace a daji, direba ya tafi nemo ƙarfe, ruwanmu ya ƙare. Na san ƙishirwa a gida, amma ban taɓa jin harshena ya zama kamar busasshen ƙirgi ba sai nan. Munka ja ƙafa zuwa wasu bukkoki, a can na ga abin da har yau in na faɗa ana cewa ƙari nake. Mutanen nan cikin kuka suke ajiyar ruwa. Suna rarake cikinta, su cika da damina, su riƙa hawa da guga da rani. Wata mata ta hau ta zubo mana. Da na sha na dawo hayyacina sai na ga tana kallona. Ita ma da zanenta, dogaye, tsaye a kumatu. Ta taɓa kuncinta, ta nuna nawa, ta yi dariya, ta ƙara mini da wata waina mai tsami, siririya kamar takarda. Ban ji maganarta ba, ba ta ji tawa ba. Na ci ina tuna furar Gatawa ta can gida, hawaye na zubo mini, ba na ko jin kunya.

Umdurman gari ne na jar ƙasa, inda koguna biyu ke haɗuwa, Hartum na tsallake. Mutanenmu da yawa a can, Takari ake ce mana. Na bi unguwarsu gida gida. Wasu sun ce kamar sun taɓa ganinsa, amma a wurin da kowa ke wucewa wa ke riƙe fuskar wani? Na samu gindin itace kusa da kasuwa na kafa aski, na koyi Larabcin ciniki da na faɗa. Rani ya wuce, wani ya kama.

Wata safiya na sayi ƙosan Larabawa, mai tuyar ta ƙunsa mini a takarda. Na ci, za ni goge hannu, sai na ga mutum na kallona daga cikin maiƙo. Baƙar fuska ce, zanen ya fito fari tas. Bagobiri! Ga goshin, ga ɗan ƙaramin kunnen nan irin na gidanmu, ga kuma lauje. Na miƙar da takardar a cinya na sake dubawa. Laujen a kuncin dama yake. Bakwai ta koma gefen shida, shida ta koma gefen bakwai.

Na koma wurin mai tuya da ihu, har ta ɗaga matsami za ta kare kanta. Da ta gane, ta ce tarkacen takardun daga gidan buga littattafai take samo su, tsallaken kogi. Na bar buzuna nan na haye.

A bayan gidan, cikin wani ɗaki mai warin tawada, na iske wani farin mutum siriri, mai babban hanci da gira kamar gemu, ya duƙa kan guntun katako yana sassaƙa da wata 'yar wuƙa. Na ajiye takardar gabansa na ce, "Hawaja, wa ya yi wanga?" Hawaja suke ce ma kowane fari a can.

Ya ce, "Ni."

Na ce, "Ƙarya ka zana. Babu Bagobirin da ke yawo da fuska haka."

Ya ɗaga girar nan ya ce, "Abin da na gani na yi. Mutumin a nan ya zauna, inda kake tsaye."

Na yi masa tambayata. "Laujen nan, a wane kunci ka gan shi?"

Ya dubi takardar, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna. Dama. Shi ke nan, na ce a raina, ga ɗan'uwan na Abashe, wannan ma da fararen kaya. Ko dai wani ne can da wanzamin banza ya ɓata ma fuska, ko kuma mutumen ga ya haɗa fuskar daga kansa. Na yi tsaki na juya.

Da a ce ni mai zuciya ɗaya ne da labarin ya ƙare nan. Amma ina da wata cuta, son ganin ƙwaƙwaf. A bakin ƙofa idona ya faɗa kan wuƙaƙensa, jere a kan tsumma kamar yadda nake jera askata, wata mai baki kamar farcen kaza, wata kamar cokali. Na kwana biyu ina tunaninsu. Mi ake yankewa da su? Yaya katako ke zama takarda? Na koma, wai na zo tambaya ko yana son aski. Gemunsa kuwa ya yi buzu-buzu, ya shafa ya yi dariya, ya zauna.

Haka munka saba. Sunansa Garabet, na ce bakina ba zai iya ba, Garba za ni ce. Ya ce ya sha suna iri iri, wannan bai fi sauran muni ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai, na ga wani Baturen Ingila ya shigo ya yi masa magana a tsaye, yana nuna shi da sanda kamar yadda Joji, Baturen mulki, ke yi ma masinja a Sabon Birni. Da ya fita na ce, "Garba, kai ba Bature ba ne?"

Ya ce, "Ni Ba'armane ne."

"Ina ne garinku?"

"Babu."

"Haba, kowa da garinsu. Ko mu da anka rushe mana babban birninmu Alkalawa, kufan na nan, muna nomawa kusa da shi."

Ya ce, "To kun fi mu. Namu kufan wasu ke ciki."

A hankali, aski bayan aski, na ji sauran. An haife shi a ƙasar duwatsu mai ƙanƙara. Yana ƙarami sojoji sunka kore su, mata da yara, a ƙasa, zuwa hamada. Ya fita da uwarsa, ya isa shi kaɗai. Anka tsince shi anka kai gidan marayu a birnin Halab. A can wani tsohon malamin addininsu ke da littafi na dā wanda baƙaƙensa tsuntsaye ne. Na ce tsuntsaye kamar yaya? Ya ja takarda, nan take ya yi mini wani tsuntsu ya lanƙwasa wuya, wani ya kama masa wutsiya da baki, ya ce wannan harafin farko ne na sunansa. Kai! Na juya takardar sama da ƙasa ina mamaki. Da kwaikwayon tsuntsayen nan ya koyi zane. Daga Halab ya tafi Alƙahira, ya yi allunan shaguna, ya yi hotunan jarida, har anka kira shi nan don littattafan 'yan makaranta. Wanda na ga shafinsa, littafi ne na mutanen da ke zaune bakin kogi, kowace ƙabila da fuskarta.

Na ce masa a harshenmu abin da yake yi da abin da nake yi sunansu ɗaya, zane. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce, "To wa ya fi wani?" Na ce ni, don nawa ba ya gogewa kuma ba a ƙunsa ƙosai a ciki. Ya yi dariya har da tari.

Na kuma lura da wani abu. A kowane littafi nasa akwai wata mata a gefe, ko tana ɗibar ruwa ko tana tuya, da kallabi iri ɗaya, amma fuskar kullum daban. Na tambaya. Ya ce, "Uwata ce. Kallabin na riƙe. Fuskar ta ɓace mini, ina ta gwadawa ko hannuna zai tuna." Ranar ban yi masa tsiya ba.

Maganar hoton nan kuwa ban sake tayarwa ba, shi ma bai tayar ba, don ya ga yadda na yi fushi. Sai wata rana na iske shi ya gama sassaƙa wani manomi riƙe da fartanya. Na ce yau sai na ga yadda ake yi. Ya shafa ma katakon tawada, ya kifa takarda, ya murza da bayan cokali, ya ɗaga. Na duba na ce, "A'a, Garba, ka mai da bawan Allah bahago."

Ya ce, "Haka yake fitowa. Abin da ke dama a katako, hagu ne a takarda. In rubutu ne nakan juya shi tun farko. In mutum ne ba na damuwa, fuska ai fuska ce."

Na dubi katakon, fartanya a dama. Na dubi takardar, fartanya a hagu. Sai na zauna a ƙasa. Fuska ai fuska ce! Wata nawa ina zuwa ɗakin nan ina surutun tsuntsaye! Na ce, "Garba, don Allah, katakon mutumen nan mai zane, yana nan?"

Ya hau kujera ya yi ta jawo katakai daga kanta, ƙura na zubo masa a gira. Ya sauko da ɗaya, bai fi tafin hannu biyu ba, baƙi ƙirin da tsohuwar tawada. Na kai shi bakin taga. Zanen ramuka ne a cikin itacen, yankakku, kamar yadda suke a fata. Shida a gefenta, bakwai a gefenta. Laujen a kuncin hagu. Hannun Baba ne, ko a mafarki na san shi.

Na ce, "Wana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ina yake?"

Na koma na zauna, Garba ya zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ban taɓa ganin fari ya yi ba. Ya ce Ila dako yake yi a mashigar jirgin ruwa, can ya gan shi, ya roƙe shi ya zo ya zauna. Ila ya gaya masa ya riga ya je Makka, hanyar gida yake, ya tsaya ya tara guzuri. Ba shi da yawan magana, amma kalma biyu ya bar masa, Gobir da Inna. Da zafin shekarar ya tsananta sanƙarau ya shiga unguwar masu dako. Garba ya je nemansa da hoton farko da anka buga, ya iske ana fita da gawarsa. Ya bi su daga nesa har maƙabarta, ya tsaya bayan katanga, don shi ba Musulmi ba ne.

Ya kai ni wurin kabarin. Tulin jar ƙasa ne cikin tuli da yawa, shi ma bai rantse ko wanne ba ne, ya dai nuna mini layin. Na yi addu'a a kan duka. Na yi kuka irin na yara, ina jin haushin kaina, ina jin haushin Ila da bai aiko ko da saƙon baki ba.

Da munka koma ya ɗauko sabuwar takarda zai buga mini hoton mai kyau in kai gida. Na ce, "Bari, Garba. Inna ba ta gani. Takarda a hannunta takarda ce. Kuma ko tana gani, a juye zai fito, ta ce ba ɗanta ba ne." Ban roƙi katakon ba, na san na gidan ne, kuma za a sake buga littafin. Ya tsaya yana jujjuya shi. Sannan ya wanke shi da kananzir, ya goge, ya naɗe a cikin tsumman wuƙaƙensa.

Na ce, "Baturen nan fa?"

Ya ce, "In sassaƙa masa wani. Ba zai san bambanci ba, a wurinsa ma fuska fuska ce." Ya miƙo mini. "Kai kana da wadda za ta taɓa. Tafi da sauri, tsofaffi ba su jira."

Shi ya sa ban wuce Makka ba. Mutanenmu na Umdurman sun ce haukata nake, ga jirgi ga hanya. Na juyo da ayarin farko da na samu, katakon a ƙasan zabira, ƙarƙashin ƙahoni.

Na iso Tsamaye ana cikin yankan gero. Inna na zaune a tabarma bakin ɗakinta, ta ƙanƙance, amma tana jin sallamata ta ce, "Tunau, kai ɗaya?" Na ce ni ɗaya, Inna. Gida ya cika. Na durƙusa na kwance tsumman na sa mata a cinya. Kawu Bawa ya leƙo ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi! Gunki ka kawo muna gida?"

Inna ta ce, "Bawa, rufe mini baki."

Ta bi gefen katakon da yatsu, ta samu goshi, ta sauko hanci. Ta koma kunci ɗaya tana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Ta haye ɗayan. Da ta kai na ƙarshe yatsanta ya bi shi ya lanƙwasa wajen kunne, ya tsaya. Ta sake bi. Ta sake.

Ta ce, "Jakin gidan Nomau." Kamar za ta yi dariya. Ta shafa kumatun da tafin hannu duka, ta ce, "Ya rame. Ba su ba shi abinci can?"

Na ce, "Ya yi hajji, Inna. Hanyar gida yake."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambaye ni sauran ba. Ta ja bakin zanenta ta lulluɓe katakon, ta rungume a ƙirji, ta juya fuska wajen da ta ji muryar ƙanenta.

"Bawa, tashi ka kira liman."